Albashin 'Yar Mai Shago

"Albashi?!"

Abbu ya saki ludayin a cikin kasko, mai ya fantsalo masa a hannu, amma ko a jikinsa.

"Maimaita, Mehreen. Wataƙila ƙarar fankar nan ce ta toshe mini kunne."

"Ka ji ni sarai, Abbu. Cewa na yi ka fara biya na albashi. Ta banki, duk ƙarshen wata, da takardarsa..."

"Ni? Ni zan biya 'yar cikina albashi?"

"Ba don kuɗin ba ne..."

"To don me ne? Da yunwa kike kwana a gidan nan? Ko sutura kika rasa?"

Ya goge hannu a jikin rigar aikinsa, ya taka zuwa kanta, ya finciko durowar kuɗi har sai da tsabar ciki suka yi tsalle.

"Ga ta nan! Ɗebi! Yaushe na taɓa sa mata makulli? Yaushe na taɓa ce miki nawa kika ɗauka?"

"Ba ka taɓa ba."

"To?"

"To ai matsalar kenan, Abbu!"

Jalebin da ke cikin kasko, soyayyen kwaɓin nan mai zaƙi, ya ƙone ƙurmus. Su biyun suka tsaya suna kallonsa, kowa na jiran ɗaya ya tsame.

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Bradford ya san Raja Sarwar mai kayan zaƙi, wato Abbun Mehreen, kuma ya san shi da abu biyu: jalebinsa babu na biyunsa, taurin kansa ma haka. Shekara talatin da ɗoriya ƙofar shagon nan ba ta taɓa wuni a rufe ba. Ranar Sallah a buɗe, ranar da dusar ƙanƙara ta tsayar da motocin gari a buɗe. Kai, ko da matarsa ta rasu, da la'asar aka binne ta, washegari da asuba aka ji ƙamshin samosa na tashi. Mutane suka yi ta ƙus-ƙus. Shi kuwa cewa ya yi masu zuwa karin kumallo ba su yi masa laifin komai ba.

Mehreen na da shekara goma sha takwas a lokacin. Ta ajiye karatu, ta ɗaura rigar aikin mahaifiyarta, ta tsaya inda take tsayawa. Shekara goma sha huɗu kenan tana nan.

A irin gidajenmu kuwa ba a biyan ɗan gida. Kana son takalmi, ka buɗe durowa. Za ka biki, ka buɗe durowa. Ba mai tambaya, ba mai rubutawa, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibun hakan, sai da Zohaib ya shigo cikin lamarin.

Ɗalibi ne ya zo karatu daga garin Jhelum, can ƙasar iyayenmu, dogo, mai kunya kamar amarya. Kullum da safe sai ya shigo ya sayi samosa biyu, ya tsaya yana neman canji a aljihu kamar wanda ya ɓatar da allura. Shekara guda cur yana wannan sintiri kafin ya iya buɗe baki. Sai bayan an ɗaura aure ya gaya mata gaskiya: samosa ƙwannafi take sa shi.

Abbu da kansa ya binciki asalin yaron, ya gamsu, aka ɗaura a masallacin unguwa bayan la'asar, ya dawo ya ci gaba da suya. Sati uku suka yi tare bizar karatun Zohaib ta ƙare. Ya hau jirgi yana dariya, yana cewa wata biyu ne a gama takardu ya dawo. Duk a zatonsu takardar aure ta wadatar, Allah sarki.

Madam Ackroyd ce ta fasa musu ƙwan. Lauya ce, ofishinta na saman titi, duk Juma'a takan sauko ta saya wa ma'aikatanta samosa. Ita Mehreen ta fara gani, kuma maganarta ce ta jawo rigimar ranar nan.

"Bar ni da ita," in ji Abbu. "Ba ki iya bayani ba ne."

Ranar Juma'a kuwa tun kafin matar ta gama gaisuwa ya tura mata kwalin alewar madara a kan kanta.

"Wannan na yara ne, Madam. Yanzu ki saurare ni. Yarinyar nan tun asuba take tsaye a nan, kullum. Limaminmu zai sa hannu. Mai askin nan na kusa zai sa hannu. Titin nan kaf, in kina so, sai in tara miki su a yi layi!"

"Na sani, Mista Sarwar. Ni kaina shaida ce."

"To shi kenan!"

"Ba shi kenan ba. Wanda zai duba takardunta yana can wani ofis a zaune, bai san titin nan ba, bai taɓa ɗanɗana jalebinka ba. Abu uku yake nema. Takardun albashi na wata shida a jere. Takardar banki da ke nuna kuɗin sun shiga daidai. Da wasiƙar wanda take yi wa aiki. Kuma albashin ya kai fam dubu ashirin da tara a shekara."

"Na fi kashe mata haka!"

"Ban musa ba. Amma ba a rubuce yake ba."

"To a wurinsu me 'yata take yi duk shekarun nan?"

Madam Ackroyd ta kalli Mehreen, ta ɗan sassauta murya.

"A takarda... ba ta aikin komai."

Mehreen ta sunkuyar da kai. Idonta ya sauka a kan tabon ƙunar mai da ya cika mata hannuwa tun daga wuyan hannu har gwiwa. Maganar ta yi mata ciwo, wallahi ta yi mata ciwo.

"Abu ne mai sauƙi," lauyar ta ƙara. "Ka sa akantanka ya shigar da ita cikin ma'aikata, ka riƙa biyanta, a cire haraji. Amma wata shidan nan a jere ne, babu tsallake."

Abbu ya juya mata baya ya koma kan kasko. Ko sallama bai yi mata ba, amma kwalin alewar bai karɓe ba.

Da yamma bayan sun rufe, yana kankare kasko tana share ƙasa, sai ya fara magana ba tare da ya ɗago ba.

"Shekarata goma sha bakwai na shiga masaƙar ulu a garin nan. Duk Juma'a sai mu yi layi a gaban wata 'yar taga. Hannu ne kawai ke fitowa da ambulan ɗin albashi. Shekara tara, puttar, mutumin nan bai taɓa ɗaga kai ya kalli fuskata ba. Lamba yake kira, ba suna ba. Ranar da suka rufe masaƙar ma ta tagar nan aka miƙo mana sallama."

Puttar yake ce mata in zuciyarsa ta yi laushi, yadda iyayenmu ke kiran ɗan da suke ji da shi.

"Ranar na yi rantsuwa ba ɗan da zan haifa da za a miƙa wa ambulan. Wanda ake biya, ana iya korarsa. Ke kuwa shagon nan naki ne."

"Abbu, mijina nake so ya zo."

"Zai zo, in Allah ya yarda."

"Da wace takarda?"

"Na ce zai zo!"

"Shekarata talatin da biyu, Abbu! Mijina a cikin waya yake! In na yi zazzaɓi waya nake rungumewa!"

Ya ci gaba da kankare kaskon da ya riga ya fita tas.

Sai da ta yi kusan wata biyu tana lallaɓa shi, ta hanyar dariya, ta hanyar kuka, ta hanyar liman. Ina! Mutumin nan ko gezau. Daga ƙarshe ta nemi aiki a wani kamfanin biredi da kek da ke bayan gari, masu kai wa manyan kantuna kaya. Da suka ga yadda hannunta ke sarrafa kwaɓi, nan take suka ba ta kula da layin injina guda.

A kan awa ake biya. Madam Ackroyd ta buga lissafi ta ce, "In kin haɗa da aikin Asabar, kin haye. Amma da ƙyar kika haye, Mehreen. Kada ki yi fashi."

Ranar da ta gaya wa Abbu, yana cikin murza jalebi a mai. Hannunsa bai tsaya ba.

"Wato can za ki je ki yi layi."

"Wata shida ne kawai..."

"Allah ya ba da sa'a."

Daga ranar puttar ta ɓace daga bakinsa. Gida ɗaya suke, a saman shagon, amma sai su wuni su kwana ba abin da ke haɗa su sai sallama. Sai dai kullum in ta dawo da la'asar, za ta tarar da faranti a rufe a kan matakala, da ɗuminsa. Ba ya cewa shi ya ajiye, ita ma ba ta tambaya, cinyewa take yi.

Ya ɗauki ma'aikata har uku, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi daɗewa bai cika wata ba. Wa zai iya da bakin Raja Sarwar? Haka ya koma yana yin aikin mutum biyu shi kaɗai, da shekarunsa kusan saba'in.

Ita kuwa tun duhun asuba take hawa bas. Farar hula, farar riga, ƙarar injina, kek na wucewa a gabanta dubu-dubu, ba wanda ta san mai cinsa. Lokacin hutun shan shayi take kiran Zohaib, daidai ya taso daga makarantar da yake koyarwa a Jhelum.

"Mai samosata! Wannan hular fa? Kin zama likita ne ban sani ba?"

"Ka ci gaba da tsokana, zan kashe."

"Haba rabin raina, kashe ni dai kike son yi. Nuna mini ta wannan watan."

Sai ta ɗaga takardar albashin a gaban waya, shi kuma ya sumbaci gilashin.

"Kai, ka ji kunya! A cikin mutane nake!"

"Takarda na sumbata, ba ke ba. Ita ce za ta kawo ni."

"To ka aure ta mana."

"Ita ba ta iya harara ba."

Haka suka tura Agusta, suka tura Satumba, har aka shiga Disamba da takarda huɗu a hannu. Ta biyar na hanya, daga ita sai ɗaya.

Ranar wata Talata aka kira ta daga kan layi. Maƙwabcinsu mai aski ne a waya. Abbu ya fita ɗauko buhun fulawa daga mota, ƙanƙara ta kwashe shi a bakin ƙofa.

A asibiti ta same shi, fuska ta yi fari, hannun dama a naɗe. Karaya biyu a wuyan hannu, sai da aka sa ƙarfe. Likita ya ce wata biyu ko cokali kada ya ɗaga, bayan nan ma sai an gani.

Da ya buɗe ido ya gan ta, ba sannu ba komai.

"Wa ke shago?"

"Mai aski ya tsaya, yana sayar da abin da ya rage."

"Gobe fa?"

Ta kawar da kai. Shi ma ya mai da kai bango.

Kwana biyu ta karɓa a wurin aiki, ta tsaya a shagon har aka sallamo shi. A rana ta biyu ta kira Carol, shugabar sashensu, mace mai kirki amma ba ta ɓoye-ɓoye.

"Ƙawata, da da hali wallahi da na yi miki. Amma kin san watan Kirsimeti, ko ni ba ni da hutu. Gobe in gan ki a layi. In kuma wata biyu kike so, sai dai ki ajiye aikin, in kin gama in sake ɗaukarki."

"In na ajiye, lissafina ya rushe, Carol."

"Na sani. Shi ya sa nake gaya miki gaskiya."

Da ma suyar shago da aikin kamfani lokaci ɗaya suke farawa, ba yadda za a raba mutum biyu. Kuma sirrin kwaɓin nan, duk duniya su biyu suka san shi.

Ta zauna a matakala ta kira Zohaib. Ta yi masa bayani tsaf.

"Ki koma shago," ya ce.

"Me ka ce?"

"Ki koma, Mehreen."

"Ka san me kake faɗa? Daga farko za mu fara! Sai hannun ya warke, sannan in sake wata shida, sannan jiran amsa... shekara guda kenan, Zohaib, ko fiye!"

"Na iya lissafi."

"Kai ba ka gaji ba ne? Ko ba ka damu ka zo ba?"

"Kada ki ƙara faɗa mini haka!" Muryarsa ta fashe. "Kullum da hotonki nake karyawa, har ƙannena sun mai da ni abin dariya. Akwatina a ɗaure yake tun watan da na dawo, ban kwance ba. Amma tsohon nan in shagon ya mutu, binsa zai yi. In na zo a kan haka, da wane ido za ki riƙa kallona?"

Ta kifa kai a gwiwa tana kuka.

"Ina son ka, wallahi ina son ka..."

"Na sani, hasken idona. Ni zan iya jira. Shi ban sani ba."

Ƙofar ɗakin Abbu na sama da matakalar, a buɗe take kaɗan. Ba ta lura ba.

Washegari da asuba ta yi sallah, ta ninke farar rigar kamfani ta ajiye a kan kujera. Ta ɗauko tsohuwar rigar aikin Ammi, mahaifiyarta, ta ɗaura. Ta yanke shawara, in gari ya waye za ta kira Carol ta ce ta ajiye.

Ta sauko ta tura ƙofar kicin ɗin shago. Duhu. Ba wuta a ƙarƙashin kasko, ba a jiƙa komai ba. Ta kunna fitila.

Abbu na zaune a kan buhun fulawa, da kwat ɗinsa ta sanyi a kafaɗa, hannu rataye a wuya.

"Abbu! Me ya sauko da kai? Likita ya ce..."

"Cire rigar nan."

"Zan kunna wuta ne, lokaci na tafiya."

"Na kashe gas daga waje. Cire rigar, na ce. Bas ɗinki ya kusa."

"Ba zan je ba. Na fasa."

"Matar nan ta ce wata shida a jere, babu tsallake. Taurin kai gare ni, ba kurumta ba."

"To shagon fa? Wa zai buɗe?"

"Leƙa waje."

Ta fita ta ƙaramar ƙofa. Sanyi ya mare ta. Babbar ƙofar ƙarfen nan da ake turawa sama tana ƙasa, da ƙaton kwaɗo. A jikinta an manna bayan kwalin alewa, da rubutu a karkace, irin na wanda ya yi fama da hannun hagu:

AN RUFE SAI SURUKINA YA ISO.

Ta daɗe a tsaye. Da ta koma ciki ko gani ba ta yi sosai.

"Abbu... ko ranar Ammi ba ka rufe ba."

"Ranar Ammi in na rufe me zai dawo mini da shi?" Ya share ido da bayan hannun hagu, da faɗa-faɗa, kamar idon ne ya yi masa laifi. "Ba abin da rufewa za ta kawo mini a ranar. Yau akwai."

"Masu ciniki za su watse. Ga sabon shagon can na tsallake..."

"Su watse. Su je su ci jalebin roba."

"Odar bikin mutane fa?"

"Na kira su jiya, na ba su haƙuri. Wasu sun zage ni, na rama."

Ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa. Ya bar ta ta yi kuka mai isarta na ɗan lokaci, sannan ya dafa kanta.

"Tashi, puttar. In kika makara suka yanke miki awa, ni da ke ne."

Ya miƙo mata ƙunshi a takarda. Biredi ne da ƙwai, an yanka shi a karkace, rabin ƙwan a waje. Da gudu ta kama bas ɗin ranar, tana ci tana kuka, har wata tsohuwa ta miƙo mata hankici.

Kada wani ya ce muku abin ya zo da sauƙi. Shagon da ya saba ƙamshi ya koma warin sanyi. Abbu ya rame. Wuni yake a tagar sama yana kallon mutanen da ya ciyar shekara talatin suna shiga shagon tsallake, yana ƙunƙuni.

"Dubi wancan! Ni na yi alewar sunansa. Ko kunya!"

Aka cire ƙarfe, hannun bai koma daidai ba, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa yadda murza jalebi ke so. Azumi ya zo, lokacin da layi kan kai har bakin titi, ƙofa na ƙasa. Ranar Sallah ma haka.

Ruwa ya jiƙa kwalin ya yage, ya sake rubuta wani. Unguwa kuwa ta samu abin yi. Duk wanda ya gan shi a hanyar masallaci sai ya ɗaga murya.

"Raja! Surukin ya iso?"

"In ya iso za ka ji ƙamshi!"

Tun ƙarshen Janairu takarda ta shida ta fito. Carol ta rubuta wasiƙar kamfani, Madam Ackroyd ta bi kowace takardar albashi tana gwada ta da ta banki. Kwana biyun nan na asibiti sun ɗan ja lissafin ƙasa, amma bai faɗo ba. Aka tura. Lauyar ta ce kada ta kuskura ta bar aikin sai amsa ta fito, don ana iya kiran kamfani a tambaya.

Sai jira. Wanda bai taɓa jiran irin wannan amsa ba, bai san tsawon wata ba.

A watan Mayu, ranar wata Laraba, tana kan layi wayarta ta yi ta kuka a cikin lokar ajiye kaya har Carol ta gaji ta ɗauko mata. Zohaib ne. Bai iya magana ba, sai shessheƙa yake, yana nuna mata saƙon a allon kwamfuta.

"Yi magana mana! Sun ba ka bizar ko sun hana?"

"Mai samosata... ki soya guda biyu."

Ihun da ta yi sai da aka tsayar da injin.

Daga filin jirgin Manchester kai tsaye shago suka nufa, ko akwati ba a shigar ba. Abbu na tsaye a bakin ƙofa cikin farar rigarsa ta Juma'a, rabin unguwa na bayansa. Zohaib ya sunkuya zai gaishe shi, tsohon ya jawo shi ya rungume da hannu ɗaya, sannan ya ture shi.

"Ka rame. Ba sa ba ka abinci a can? Karɓi makulli, hannuna ba ya iya ɗaga ƙofar nan."

Zohaib ya ɓalle kwalin, ya ninke shi ya sa a aljihun ƙirji. Ya buɗe kwaɗon, ya tura ƙofar sama. Ta yi wata ƙara ta tsatsa, mai aski ya fara tafi, kowa ya ɗauka.

Ba duka masu ciniki suka dawo ba, gaskiya. Wasu sun saba da tsallake. Mehreen ta ajiye aikin kamfani ta koma kan kasko, Zohaib na naɗe samosa kamar wanda ke naɗe tsumma, Abbu na zaune a kanta yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi.

Ranar ƙarshen wata, bayan sun rufe, ya kira ta.

"Mehreen Sarwar."

Ta juyo da mamaki. Bai taɓa kiranta da cikakken suna ba.

Ya miƙe tsaye, ya gyara riga. Ambulan ne a hannunsa, ya riƙe shi da hannu biyu, har da mai ciwon. Ya matso gabanta, ya kalle ta cikin ido sosai, bai kawar da kai ba.

"Madam ta ce bayan shekara biyu da rabi masu biza za su sake tambaya. Wannan karon za su tarar da ke a rubuce. Na sa akanta ya shigar da ku, ke da wannan mai ɓata mini fulawa. Kuɗin sun shiga banki tun safe."

Ta buɗe. Sunanta ne a sama, a ƙasa sunan shagon. Layukan suka haɗe mata, ta kasa karantawa.

"Abbu, rantsuwarka fa?"

"Na yi kaffara." Ya ja hanci. "Har yanzu ba na so, kada ki zaci na canza. Amma ni na kalli fuskarki."

Ta faɗa jikinsa. Zohaib ya juya yana goge kantar da ya riga ya goge.

"Ya isa, puttar, za ki ƙarasa mini hannun." Ya ɗan ture ta, ya nuna durowar kuɗi da haɓa. "Waccan ma tana nan a buɗe, ba makulli. Amma gobe in kika makara, wallahi sai na yanke miki albashi."